Hoton Kunnen Yayana

Yayana maginin rumbu ne. Tun ina ƙarami nake ganinsa a saman tsani da curin laka a hannu, yana ɗora shi a bakin rumbu yana shafewa da tafinsa har ya yi sumul. Tsakanin Tibiri da Dumega da wuya ka shiga ƙauyen da babu aikinsa. Ni aka kai lakwal, wato makarantar boko, shi aka bar wa gona da gini. Na zama malamin makaranta, na yi shekaru ina koyarwa har na ajiye aiki, amma bai taɓa daina kirana Mushe cikin zolaya ba, yadda ake kiran malamin lakwal a wajenmu, ni kuma ban san wani suna da zan kira shi da shi ba sai Yaya.

Kunnensa na hagu ya daɗe yana ruwa. Mahaifiyarmu ta ce tun yana yaro abin ya fara, bayan wani zazzaɓi. Mun saba da shi har muka daina lissafa shi cikin ciwo. Kullum akwai ɗan ƙullin auduga a kunnen, kuma idan ka zauna ta hagunsa za ka ji wani wari mai nauyi. Shi ma ya sani, don haka duk inda aka taru shi yake zaɓar wurin zamansa, ya ba mutane damansa, ya bar hagunsa ga bango. Ya ɗiga man shanu, ya ɗiga ruwan ganye, ya sayi na ƴan talla a kasuwa. Majo, babban ma'aikacin jinya na gidan likitan garinmu, ya sha rubuta masa maganin ɗigawa. Ruwan yakan tsaya wata ɗaya ko biyu, ya dawo.

A shekarar da nake ba da labari, bayan an gama yankan gero, yana saman tsani a wani gida kusa da Dumega sai duniya ta juya masa. Ya ce ya ga ƙasa ta koma sama. Ya rungume bakin rumbun ya rufe ido har masu gidan suka hau suka sauko da shi. Ya kwana biyu yana amai, ba ya iya tafiya sai da bin bango. Da jirin ya ɗan lafa muka ce gajiya ce da rana.

Bayan kamar mako biyu matarsa ta aiko a kira ni da safe. Na tarar da shi zaune a tabarma da kwanon kunu a gabansa, kunun yana zubowa ta gefen bakinsa. Bakin ya karkace zuwa dama. Idonsa na hagu ya ƙi rufuwa, hawaye na bin kumatunsa ba tare da yana kuka ba.

Kafin azahar gida ya cika, kowa da tasa fassarar. Matarsa ta ce rumbun da ya gina yana kusa da wata tsamiya da kowa ya san ba a taɓa ta, doguwa ce ta mare shi. Wasu samari ƴan kasuwa, maƙwabtansa, suka ce a bar wannan magana, a yi masa karatu a tofa. Ni kuma a raina na yanke cewa hawan jini ne ya shanye masa ɓarin jiki, don na ga irinsa ga wani abokin aikina. Ban yi gardama da kowa ba. Na bar masu karatu suka yi karatunsu, matarsa ta yi turarenta, da la'asar na sa shi a amalanke muka tafi wurin majo.

Majo ya auna jininsa ya ce lafiya lau. Ya sa shi ya matse masa hannu, dama da hagu, ya sa shi ya ɗaga ƙafafu, duk da ƙarfinsu. Sai ya cire audugar ya haska kunnen ya daɗe yana kallo.

"Mushe, wannan ya fi ƙarfin nan," in ji shi. "Ina jin daga kunnen ne. Ku tafi Dogon Dutsi da takardar nan."

A Dogon Dutsi likitan da ya gan mu bai ɓata mana lokaci ba. Ya ce sai an kai shi Yamai wurin likitan kunne da hanci da maƙogwaro, kuma da wuya a yi masa komai ba a sa shi a sikana ba, na'urar da ke ɗaukar hoton cikin jiki.

Ɗiyata ta fari a Yamai take aiki, kuma sikana ce aikinta. Sai dai in faɗi gaskiya, har ranar ban san abin da take yi ba. Lokacin da ta gama lise, babbar sakandare, ta ce wannan fannin take so, na sa hannu a takardun ne kawai don na ga ta dage. Idan aka tambaye ni aikinta nakan ce tana radiyo, yadda muke kiran hoton ƙashi, sai wasu su ɗauka gidan rediyo ne, su ce ba su taɓa jin muryarta ba. Wasu kuma su ce ashe duk karatun nan mai ɗaukar hoto ta zama. Nakan yi dariya tare da su, amma abin yana ɗan sosa mini rai.

Na kira ta daga bakin gidan likita. Bayan gaisuwa na gaya mata halin da ake ciki. Ban taɓa jin ta yi magana da ni da irin wannan muryar ba.

"Baba, idon da ba ya rufuwa, ɓangaren kunnen da ke ruwa ne?"

"Shi ne."

"Ku ce ya ɗaga girarsa. Goshin yana tattarewa ta hagu?"

Na sa shi ya gwada. Ɓangaren dama ya tattare, na hagu ya tsaya sumul. Na gaya mata.

"To kada ku koma gida ku jira ranar kasuwa. Ku kwana nan Dutsi ku shigo kar, motar fasinja ta safe. Ku samo ƙyalle mai tsabta ku rufe masa idon saboda iska. Zan je in karɓar masa layi."

Haka muka yi. Duk tsawon hanyar, har muka wuce Dosso, Yaya bai buɗe ɗaya idon ba, don ya ce in ya ga itatuwa na gudu cikinsa ke tashi. Kansa na kafaɗata, abin da bai taɓa faruwa ba tun da aka haife ni.

Likitan kunnen gajeren mutum ne mai furfura a gemu, da fitila ɗaure a goshi. Ya zuƙe ruwan kunnen da wani siririn bututu, ya leƙa, ya sake zuƙewa. Da ya danna bakin kunnen da yatsa sai Yaya ya damƙe kujera da hannu biyu ya ce ɗakin na juyawa. Likitan ya gyaɗa kai kamar abin da yake jira ke nan.

"Abin da nake gani da idona bakin ƙofa ne kawai," ya ce mini. "Sauran kunnen yana cikin ƙashi, kuma a nan ɓarnar take. Jijiyar da ke motsa fuska ta cikin ƙashin nan take bi. Abin da ke riƙe mutum kada ya faɗi shi ma a nan yake. Ba zan sa wuƙa ba sai na ga hanya."

Ya rubuta takardar sikana ya ce a yi a ranar.

Ɗakin sikana yana can ƙarshen wani dogon baranda. Da aka kira mu muka shiga sanyi ya buge ni, sai ga ɗiyata cikin farar riga da ɗankwali fari. Duk da mutanen da ke wurin ta durƙusa har ƙasa ta gaida Yaya, babanta babba, sannan ta gaishe ni. Yaya ya dube ta da ido ɗaya, ya dubi na'urar, wata ƙatuwar zobe fara da gado siriri a bakinta, sai na ga ƙafarsa ta tsaya.

"An ce mini kamar kabari take," ya ce. "An ce in an tura mutum ciki ba shi jin kowa."

"Baba Babba, ku zo ku duba da kanku," in ji ta. Ta kama hannunsa ta zagaya da shi bayan na'urar. "Kun gani? Buɗe take gaba da baya. Kanku kawai zai shiga, kuma ina jin ku, kuna jina. Ba ta taɓa mutum, ba allura, ba zafi. Abu ɗaya nake roƙo, kada ku motsa."

"Har yaushe?"

"Bai kai ku sha kofin shayi ba."

Ta sa ya cire hula da layar da ke wuyansa mai zoben ƙarfe, ta ce ƙarfe yana ɓata hoto, ta miƙo mini na riƙe. Da ya kwanta jiri ya taso masa, ya yunƙura zai tashi. Ba ta yi sauri ba. Ta ɗora hannu a goshinsa ta ce ya dubi wuri ɗaya a rufin ɗaki, ta tsaya har numfashinsa ya daidaita. Sannan ta kawo wasu ƙananan matasai ta tokare kansa dama da hagu, ta gyara haɓarsa, ta ja baya ta duba, ta sake gyarawa. Wannan gyaran ya fi ɗaukar hoton kansa daɗewa. Daga baya ta gaya mini dalili. Na'urar da haske mai ratsa jiki take aiki, irin na hoton ƙashi amma ya fi shi yawa, kuma idan mutum ya motsa hoton ya lalace sai an sake, a ƙara masa wani hasken. Ta ce ba ta son maimaitawa ga kowa, balle ga babanta.

Ta nemi izinin shugabansu aka bar ni na tsaya bayan gilashi inda take zama. Ta yi magana a wani ɗan bututu, muryarta ta fita a ɗakin: "Baba Babba, yanzu ne. Kada ku haɗiye yawu." Gadon ya shiga a hankali, na'urar ta yi ƙugi kaɗan, shi ke nan. Sai hotuna suka fara fitowa a allon gabanta, ɗaya bayan ɗaya, fari da baƙi da toka-toka. Ta ce na'urar tana nuna kan mutum ne kamar an yanka albasa siriri-siriri ana duba kowane yanki. Yatsunta na tafiya a kan maɓallai ba ta ko kallonsu. Ta ƙara girman wani wuri, ta juya shi, ta jera kunnen dama kusa da na hagu. Na ga fuskarta ta canza kaɗan.

"Me kika gani?" na tambaye ta.

"Hoton ya fito da kyau, Baba."

"Ba shi na tambaya ba."

"Na sani. Ba ni ke karantawa ba. Akwai likitan da aikinsa ke nan, shi zai rubuta, likitan kunne ya yi muku bayani. In na faɗi wani abu na yi kuskure, da shi za ku kwana."

Na ji haushi kaɗan, amma na lura a ɗakin nan ba ni ne babba ba.

Washegari likitan kunnen ya kunna hotunan a gabanmu. Ya fara da kunnen dama mai lafiya. Ya nuna mana ƙashin bayan kunne cike da ƙananan ramuka baƙaƙe kamar saƙar zuma, ya ce baƙin nan iska ce, haka ake so. Ya nuna wasu ƴan ƙasusuwa uku kowanne bai fi ƙwayar shinkafa ba, ya ce su ke kai sauti ciki. Sannan ya koma hagu. Babu baƙi ko kaɗan, duk wurin ya cika da toka-toka, ramukan sun haɗe sun zama rami ɗaya, ƴan ƙasusuwan kuma sai guntu.

"Kun ga wannan farin layin? Bangon da ya rufe jijiyar fuska ne. A dama ga shi cikakke. A hagu, daga nan zuwa nan, babu shi. Nan kuma wurin da ke hana jiri ne, an fara cin gefensa. Wannan na sama shi ne tsakanin kunne da ƙwaƙwalwa. Ya yi siriri, amma bai huje ba. Kun zo da sauran lokaci."

Yaya ya matso da kujerarsa ya ƙura wa allon ido. Mutumin da bai taɓa karanta harafi ba, sai na ga ya fi ni gane abin da ake nunawa.

"Wanga ai gara ce," ya ce. "Ta ci bango ta ciki ta bar yaɓe."

"Haka ne, Baba," in ji likitan. "Kuma maganin ɗigawa ba ya kai wa gare ta."

Ni kuwa da na ga na'ura ta nuna abin da ke cikin ƙashin mutum ba tare da an tsaga shi ba, sai na ɗauka babu abin da ba ta sani ba. Na tambayi likitan mene ne wannan toka-tokan, kuma yaushe bakin zai miƙe.

"A nan hoton ya tsaya," ya ce. "Ƙashi yake nunawa da kyau. Ya gaya mini inda aka ci da inda ya rage, ya gaya mini inda zan bi da inda zan yi hattara. Amma wannan abin da ya cika wurin, ko fata ce da ta taru ta dunƙule, ko tsiron nama ne, ko ruwa ne mai kauri, duk kusan kala ɗaya suke fitowa. Ina da zato mai ƙarfi saboda irin cin da ya yi wa ƙashi, amma sai na buɗe zan tabbatar. Jijiyar kuma, na ga bangonta ya tafi, ban ga ko ita tana da sauran rai ba. Ba zan yi muku alkawarin fuska ba, ba zan yi muku alkawarin ji ba. Abin da zan yi shi ne in hana abin ya kai ƙwaƙwalwa."

Ba haka na so in ji ba. Yaya kuwa ya ce wannan magana ta yi masa, don shi ma ba ya gaya wa mai gida yawan aikin da tsohon rumbu ke so sai ya fasa yaɓen.

Muna shirin tashi likitan ya sake duban allon ya ce, kamar da kansa yake magana, wanda ya ɗauki hoton nan ya san aikinsa, kan bai karkata ba ko kaɗan, ga shi kuwa mai jiri ne. A al'adarmu uba ba ya yabon ɗan fari, ko sunanta ba na faɗa. Amma ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Ɗiyata ce."

Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau. "To, Mushe, ka yi mana aiki," ya ce. Na fita daga ɗakin nan ina jin kamar an ƙara mini tsawo.

Bayan kwana uku aka yi masa aiki. Da safe aka shiga da shi, sai bayan azahar aka fito da shi da naɗi a kai. Likitan ya ce zatonsa ne ya tabbata: fata ce ta taru shekara da shekaru ta zama dunƙule fari mai ɓawo-ɓawo, tana girma tana cin ƙashi. Ya ce ya tarar da komai a inda hoton ya nuna, sai wani ɗan lungu da abin ya shiga wanda a hoto ya ɗauka ruwa ne kawai. Jijiyar fuskar tana nan, a danne take, ba ta tsinke ba.

Mun yi kusan wata a Yamai. Jirin ya tafi a hankali. Idon ya fara rufuwa kafin mu dawo, bakin kuma ya ɗauki watanni yana komawa, har yau in ya yi dariya sosai za ka ga ɗan bambanci. Ji a kunnen hagu bai dawo ba. Amma ruwan ya tsaya, warin ya tafi, kuma ranar da na fara ganinsa ya shiga tsakiyar mutane a wurin wani suna ya zauna ba tare da neman bango ba, sai da na kau da kai.

Labari ya bazu. A Tibiri da ƙauyukan kewaye sikana ta zama abin magana, ni kuma na zama uban mai sikana. Mai ciwon kai ya zo, mai toshewar hanci ya zo, wata tsohuwa da ke jin abu ya tokare mata maƙogwaro ta aiko, kowa so yake in yi wa ɗiyata magana a sa shi a na'ura. Ba zan ɓoye ba, abin ya yi mini daɗi. Nakan gyara zama in yi musu bayanin albasa da saƙar zuma kamar ni na ƙera ta.

Ni ma ina da tawa damuwar da ban gaya wa kowa ba. Shekara biyu ke nan ina jin ƙara a kunnuwana kamar kukan gyare, ba dare ba rana. In mutane da yawa na magana ba na rarrabe abin da ake faɗa, sai in yi ta gyaɗa kai. Tun da na ga hoton kunnen Yaya tsoro ya shige ni cewa ni ma wani abu na cin ƙashina.

Da bazara, lokacin da na raka Yaya a sake duba shi, muka sauka gidan ɗiyata. Bayan mun ci abincin rana na gaya mata, na ce gobe in mun je ta sa ni a na'urar ni ma a duba.

Ta ajiye kwanon da ke hannunta ta zauna. Ta tambaye ni ko kunnen na ruwa, na ce a'a. Ko yana ciwo, ko ina jiri, na ce a'a. Ko ɗaya ya fi ɗaya, na ce duka biyun ne.

"Baba, ba zan sa ku ba."

Na ɗauka ban ji daidai ba, na ce ta sake faɗa.

"Ba zan sa ku ba sai likita ya rubuta, kuma ina jin ba zai rubuta ba."

"Baƙi nawa kike sawa kullum? Ni ne ba za ki sa ba?"

"Kowannensu da takardar likita yake zuwa, kuma akwai tambayar da ake so hoton ya amsa. Na Baba Babba, ana so a san inda ƙashi ya ci. Naku me za mu tambaya? Ƙarar da kuke ji ba ta fitowa a hoto. Raguwar ji ma ba ta fitowa. Zan ba ku haske a banza, ku fito da hoto mai kyau, ku koma gida da ƙararku. Ko kuma a ga wani ɗan abu da ba shi da alaƙa da ciwonku, ku shiga damuwa a kansa."

Raina ya ɓaci. Na ce mata ni na kai ta lakwal da hannuna, yau ita ce za ta koya mini. Ta sunkuyar da kai har na gama. Sannan ta ce a hankali, "Da zai nuna abin da ke damunku, da ku zan fara sawa kafin kowa. Ku bari in kai ku wurin likitan gobe. In ya ce a yi, ni zan yi da hannuna."

Yaya na kishingiɗe a gefe yana jin mu da kunnensa ɗaya.

Washegari likitan ya duba Yaya ya ce wurin ya warke da kyau, amma ya riƙa zuwa ana share shi, don irin wannan abu yakan dawo. Sannan ya haska kunnuwana ya ce tas suke. Ya aika ni wani ɗan ɗaki mai kauri kamar akwati, aka sa mini abin ji a kunne, aka ce duk lokacin da na ji sauti in ɗaga hannu. Na ɗaga, na ɗaga, sai aka kai wani wuri na ga matar da ke gwajin tana kallona ni kuwa ban ji komai ba. Aka fito da takarda mai layi biyu, ja da shuɗi, duka sun gangara ta gefe ɗaya.

"Shekaru ne, Mushe," in ji likitan. "Kunnuwan biyu tare suka gaji, kuma daidai da juna. Abin da ya gaji ƙanana ne ƙwarai, suna can ciki, sikana ba ta ganinsu. Da ɗaya ne kawai ya ragu, da na nemi wani hoton, kuma ko shi ba wannan na'urar ba ce. Kai abin ƙara ji kake bukata."

Na gaya masa yadda muka yi da ɗiyata. Ya yi murmushi ya ce da duk masu zuwa wurinsa suna da irinta a gida da aikinsa ya ragu. Ya ce sau da yawa mutum zai je ya yi hoton da ba a sa shi ba, a ga ɗan kumburi a kogon hanci irin wanda mura ke bari, ya zo a firgice yana neman a yi masa aiki, alhali ciwon kansa daga wani wuri yake.

Da muka fito tana tsaye a baranda tana jiranmu. Ban iya ba ta haƙuri da baki ba. Na miƙa mata takardar na ce ta ajiye mini, ta fi ni sanin inda ba za ta ɓata ba. Ta karɓa da hannu biyu.

A cikin kar, bayan mun fita gari, Yaya ya juyo da kunnensa na dama wajena.

"Mushe, ta hana ka ke nan."

"Ta hana ni."

"Kai da ka haife ta."

"Ni da na haife ta."

Ya yi dariya har bakinsa ya ɗan karkace. "To ka samu ɗiya," ya ce, ya gyara hularsa ya yi barci.

Tun daga nan masu zuwa wurina neman sikana nakan tambaye su ko sun ga majo. In ba su gan shi ba in ce su fara da can, in ya ga abin ya kai zai rubuta musu takarda. Wasu suna jin haushi, suna cewa na samu hanya na toshe. Tsohuwar nan mai maƙogwaro ta bi shawarar, aka tura ta Dosso, aka leƙa maƙogwaron da ɗan madubi aka ba ta magani, ba ta kai ga na'ura ba.

Abin ƙara jin ya iso bayan wata biyu, ɗan ƙarami mai kalar fata da ake maƙalawa a bayan kunne. Ƙarar gyaren ba ta tafi ba, amma ta ja baya. Safiyar farko da na sa shi na fito tsakar gida na ji ƙarar takalmina a kan yashi, na ji kaji na tsattsaga a bayan rumbu, abubuwan da ban san na daina ji ba. Matata na bakin murhu ta ba ni baya, tana magana ƙasa-ƙasa cewa mutum ya tsufa amma kullum sai ya bar buta a tsakiyar hanya. Na ce mata na ji, zan ɗauke. Ta juyo da ludayi a hannu ta dube ni, ta dubi kunnena, ta ce ashe yanzu sai ta riƙa lura da bakinta.